Yadda ake neman sikolashif ɗin masta tun kana lebul 300

Duk sanda aka saki sunayen waɗanda suka ci sikolashif na fita waje sai ka ji ana cewa ai ƴan Kudu sun cinye, ko ai sai mai uwa a gindin murhu. Ban ce babu son kai a duniya ba, amma wallahi abin da ya fi kayar da mu a nan Katsina makara ce. Mutum sai ya gama digiri, ya gama bautar ƙasa, ya zauna gida wata shida babu aiki, sannan ya tuna da maganar sikolashif, ya buɗe shafin ya tarar saura kwana 9 a rufe, ba fasfo, ba turanskirif, malamin da zai rubuta mashi takardar shaida ma bai tuna fuskarshi. Ni haka ta faru da ni a karon farko, kuma har yau tana mani ciwo, shi ya sa nake son ƙannena da ke Jami'ar Umaru Musa Yar'adua (UMYU) da Dutsin-Ma da Al-Qalam da Jami'ar Sufuri ta Daura su ji wannan maganar tun suna cikin makaranta.

Maki dai ba wasa a kanshi. A ma'aunin 5, fas kilas daga 4.50 yake farawa, babbar daraja ta biyu wadda muke kira tu-wan kuma daga 3.50 zuwa 4.49. Yawancin manyan sikolashif tu-wan ne ƙofar shiga, irin su Rhodes na Oxford kuwa kusan sai mai fas kilas ke iya gogawa. In kana lebul 200 ko 300 kana yawo a 3.3 to har yanzu akwai dama, semista biyu masu kyau suna iya tsallakar da kai, amma in ka bari sai lebul 400 lissafin ya riga ya yi nauyi, da ƙyar yake motsi. Ka zauna da biro ka lissafa da kanka nawa kake bukata kowace semista. Keri-oba ɗaya a kos mai yunit 3 ba ƙaramin ja baya yake yi ba.

Sai takardu, kuma a nan zan daɗe don a nan na faɗi. Ɗauko takardar WAEC ko NECO, da ta JAMB, da NIN, da katin makaranta, ka baje su kan tabarma ka karanta sunanka harafi bayan harafi. Mu muna da wannan matsalar sosai, nan Muhammad can Mohammed, nan Abubakar can an rubuta Abubakar Sadiq, wani wurin sunan uba ne ƙarshe wani wurin sunan gari, ranar haihuwa kuma ta NIN daban ta sakandare daban saboda wani ya cike maka fom a kafe bai tambaye ka ba. Ni nawa harafi biyu ne kawai suka bambanta tsakanin NIN da takardar digiri, kuma fasfo daga NIN yake ɗaukar suna, na yi ta zirga-zirgar rantsuwar kotu da gyara har ranar rufewa ta wuce ina ji ina gani. Gyaran nan ba ya yiwuwa cikin sati ɗaya, a fara shi yanzu. Fasfo ma a yi shi tun kuɗin na hannu, akwai ofishin shige da fice a nan Katsina ba sai an je Kano ba, kuma wasu fom ɗin ba su barinka ka wuce shafin farko sai da lambar fasfo.

Turanskirif kuma, wato takardar da ke nuna makin kowane kos tun lebul 100, ka nemi kwafin ɗalibi da zarar an amince da sakamakonku, ka yi sikanin ɗinshi tsaf, ka aje a imel da kuma waya. Kar a ɗauki hoto da waya a karkace inuwar hannu na kai. Imel ɗin ma a buɗe mai sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi a majalisa ba.

To wace sikolashif? Ba duka ne ɗan aji huɗu ke iya nema ba, a nan mutane ke ɓata data da lokaci. Chevening ta gwamnatin Birtaniya masta ce ta shekara ɗaya, tana biyan kuɗin makaranta da jirgi da na kashewa, amma tana son ƙwarewar aiki ta shekara 2, wato awa 2,800, kuma sai ka yi alkawarin dawowa gida aƙalla shekara 2 bayan gamawa. Wajen watan Agusta take buɗewa. Irin wannan ita ce ka sa a gaba tun yanzu, in ka gama digiri ka riƙa tara mata aiki. DAAD ta Jamus ma a shirinta na kwasa-kwasan raya ƙasa shekara 2 na aiki take nema. Commonwealth kashi-kashi ce, akwai wadda ke bi ta Hukumar Bada Tallafin Karatu ta Tarayya a Abuja, akwai kuma wadda jami'o'in Birtaniya ke haɗa kuɗi a ciki, ita ta jami'ar ake nema. PTDF, wato ta asusun bunƙasa fasahar man fetur, tamu ce ta gida, ta fi karkata ga mai da gas da injiniyanci da kimiyyar ƙasa da makamantansu, tana son tu-wan da takardar gama bautar ƙasa.

Wanda bai da shekarun aiki ya duba Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, ita za ka yi karatu a ƙasashe aƙalla 2, ana ba da Yuro 1,400 a wata, yawancin kwasa-kwasanta tsakanin Oktoba da Janairu ake nema, kuma da yawansu suna karɓar wanda ke shekarar ƙarshe muddin zai gama kafin a fara. Ta gwamnatin Turkiyya daga Janairu zuwa Fabrairu ce, mai neman masta kar ya kai shekara 30, kuma za ka yi shekara guda kana koyon Turkanci kafin karatun, wasu na ganin asarar shekara ce ni kam ina ganin harshe ka samu kyauta. Akwai ta Mastercard Foundation da ke bi ta jami'o'i irin su Edinburgh da McGill da Cape Town, su sun fi duba wanda ya taso cikin rashi kuma yake yi wa al'ummarshi wani abu. Ƴan lissafi da fiziks da kwamfuta dan Allah ku san AIMS, cibiyar lissafi ce ta Afirka da aka kafa a 2003 a Afirka ta Kudu, tana da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, masta kyauta har wurin kwana da abinci, kuma mutane da yawa daga can suke tsallakawa digiri na uku. Ƴan kimiyya da injiniyanci kuma akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) da jami'ar Sarki Fahad ta Dhahran a Saudiyya, ga wanda iyayenshi ke ɗari-ɗari da Turai wannan ta fi saurin samun albarkarsu.

Kar ka nemi goma a lokaci ɗaya. Zaɓi uku ko huɗu da suka dace da kai, ka rubuta ranar buɗewa da ta rufewa a takarda ka manna jikin ƙofar ɗaki, kuma ka tabbatar da ranakun a shafinsu na asali duk shekara don suna motsawa.

Yanzu malamai. Kusan kowace sikolashif na son mutum 2 ko 3 su yi maka shaida, kuma takardar da ke cewa "ɗalibina ne mai ladabi da biyayya" ba ta kai ka ko'ina, kowa ma haka aka rubuta mashi. Wadda ke aiki ita ce malamin da zai iya cewa na ga yaron nan ya yi kaza a furojet ɗinshi, ya je ƙauye kaza ya tattaro bayanai, da injin ya lalace ga dabarar da ya yi. Malami ba zai rubuta haka ba sai ya san ka. Don haka tun lebul 300 ka zaɓi malamai biyu a dipatmen, ka riƙa zuwa ofis da tambaya ta ilimi, ka ce Malam in akwai aikin bincike da zan taimaka ko shigar da bayanai ne ina so. Furojet ɗinka ka yi shi da hannunka, kar ka saya, don a intabiyu shi za a fara tono maka. In lokacin ya zo ka je da kanka ka gaishe shi, ka ce Malam alfarma nake nema, ka ba shi aƙalla wata guda, ka tura mashi takardar tarihin karatu da aikinka da bayanin sikolashif ɗin. Sau da yawa imel za a turo mashi kai tsaye ya cike, to ka riƙa tuna mashi cikin ladabi, wasu malamanmu sai su yi sati biyu ba su leƙa imel ba kuma in bai tura ba fom ɗinka bai cika ba.

Rubutun da za ka yi game da kanka shi ne zuciyar abin. Mu an raine mu da kunya, yabon kai jahilci muke cewa, sai mutum ya zo rubutu ya ɓoye duk abin da ya yi ya koma zuba manyan kalmomin Turanci, ina son in kawo cigaba a Najeriya, ina son in taimaki talakawa. Mai karantawa ya ga irin wannan sau dubu kafin azahar. Faɗin abin da ka yi da gaske shaida ce kake bayarwa, ba fahariya ba. Wata ƙanwata da ta karanta fannin abinci mai gina jiki ta kawo mani nata, shafi biyu babu komai sai burin ceto Afirka. Na ce mata ke mi kike yi ranar Asabar? Ta ce ba komai yaya, kawai dai muna zuwa asibitin unguwa ni da ƙawayena muna nuna wa mata yadda ake haɗa kunun gero da waken soya da gyaɗa saboda yara masu tamowa, muna auna damtsensu da ɗan tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore. Shekara biyu tana yi bata ɗauke shi a bakin komai ba! Na ce to wannan shi za ki rubuta, mata nawa, sau nawa, wace uwa ce ta ƙi yarda da farko kuma yaya kika shawo kanta, sannan ki nuna wane kos ne a masta ɗin zai ba ki abin da kika rasa a wurin.

Abin rubutawa bai ƙare mana ba a jihar nan. Mai aikin gona na da noman rani a dam ɗin Jibiya da Zobe da audugar Funtuwa, mai nazarin ƙasa na da kwararowar hamada a wajen Daura da Mai'aduwa da Zango, mai tarihi ko Larabci na da rubutattun littattafan ajami da ke jibge a zaurukan malamai, mai tattalin arziki na da kasuwancin kan iyaka da Maraɗi. Wanda ke zaune Landan yana tantance fom bai san waɗannan ba, kai ka sani. Chevening rubutu huɗu take nema, kan jagoranci, da iya hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen kos ɗin, da abin da za ka yi in ka dawo, kuma ko ba ita za ka nema ba ka gwada amsa huɗun nan don sauran ma kusan su suke tambaya. Jagoranci ba dole sai ka riƙe shugaban ƙungiyar ɗalibai ba, koyar da ƴan unguwa lissafi kafin JAMB ko riƙe asusun ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku duk ya shiga, in dai za ka iya nuna abin da ya canza. Kar ka kwafi na wani kuma kar ka sa manhaja ta rubuta maka, suna da hanyar ganewa, ko ba su gane a takarda ba za su gane a baki.

Jarrabawar Turanci ta IELTS tana da tsada kuma shekara 2 kawai sakamakonta ke aiki, saboda haka kar a yi gaggawar yinta tun lebul 200. Yawanci 6.5 ake nema. Kafin ka biya ka duba, jami'o'i da yawa na karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC ko takarda daga jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai. In ta zama dole ana yinta a Kano, ka ba kanka wata biyu na shiri musamman ɓangaren sauraro da rubutu.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗi yana da hanya a ciki ka rabu da shi. Fom ɗin Chevening da na Turkiyya kyauta ne, da wayarka ma kana iya cikewa, sai dai kar ka jira daren ƙarshe, shafin kan cushe ga matsalar sabis ga wuta, ka tura saura kwana uku.

Ƴan'uwana mata, ku faɗa wa su Baba tun ana shiri. Na ga wadda ta samu, tikiti kawai ya rage, sai a ranar gida suka fara jin labari, aka ce ba inda za ta, kuma gaskiya ban ga laifinsu duka ba don a kwana ɗaya aka jibga masu maganar. Ki nuna masu garin, da inda za ki zauna, da masallacin da ke kusa, ki haɗa su da wata da ta je ta dawo, in akwai kawu ko gwaggo da Baba ke jin maganarsu a fara bi ta nan. Masu aure kuma ku sani Chevening ba ta ɗaukar nauyin iyali, kuɗin mutum ɗaya ne, don haka a zauna da maigida ko uwargida a yi lissafin tun kafin a kira ku intabiyu Abuja.