Idan Mesarka Ta Tare a Kwanon Ruwa

Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius, ba dabbar ruwa ba ce. A dazukan Afirka ta Yamma, cikin ramin ɓeraye da tsohon suri take wuni, sai dare ta fito farauta. Saboda haka in taka ta shiga kwano ta yi 'yan mintuna ta fita, ba abin damuwa. Amma in ka wayi gari ka same ta a ciki, da yamma ma tana nan, har kwana biyu ko uku, to akwai abin da ya koro ta. Kada ka ɗauke kwanon. Mafaka ta samu, kuma ɗauke shi ba zai taɓa ainihin matsalar ba.

Fara da ruwan kansa. Juye shi a farin faranti ka haska da tocila. In ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe ko masu ja-ja, kamar an barbaɗa masoro, kwance a ƙasa, to ƙwarin maciji ne masu shan jini, Ophionyssus natricis. Mesar na shiga ruwa ne don su nutse ta samu sauƙin ƙaiƙayi. Don ka tabbatar, jiƙa farin ƙyalle ka shafe ta daga wuya zuwa wutsiya, sannan ka duba kewayen ido, da tsagar da ke ƙarƙashin haɓa, da bakin dubura, nan suke maƙalewa. Wannan shi ya kamata a fara kawarwa daga zargi, domin shi ne mai rage jini, mai yaɗuwa zuwa sauran akwatunan da ake kiwon macizai a ciki.

Abin da ke sa maganinsu wuya shi ne ba a jikin mesa suke ƙwai ba. A tsagar katako, da kusurwar murfi, da cikin shimfiɗa suke zubawa. Ka wanke mesa tas, bayan kwana kaɗan sababbi sun ƙyanƙyashe. Don haka mayar da ita cikin robar da ba komai sai farar takarda, da maɓoya ta roba, da ƙaramin kwano. Tsohuwar shimfiɗa a ƙulle ta a leda a fitar daga gida. Akwatin a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a bi da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, a ɗauraye sosai, a shanya har warin ya fita. Ana canza takarda kullum, ana ci gaba da sa ido mako 4 zuwa 6. Maganin da za a sa wa jikinta kuwa, likitan dabbobi ne zai zaɓa ya auna da nauyinta. Fiya-fiya da maganin sauro na feshi na iya kashe mesar kanta. Kuma ka gaya wa likita dabbobin da ke gidan: cikin magungunan ƙwarin, ivermectin na kashe kunkuru, permethrin kuma guba ne ga kyanwa.

In ruwan fes yake, koma kan zafi. A Jos ba kasafai rana ce ke jawo wannan ba, tsoron sanyi ne. Mai kiwo ya ji yadda daren Disamba da Janairu ke kaɗawa, sai ya shimfiɗa tabarmar ɗumi ta lantarki ko ya rataya ƙwan fitila mai zafi, ba tare da na'urar daidaita zafi ba. Akwatin ya ɗume gaba ɗaya, mesa kuwa ba ta gumi, sai ta faɗa ruwa. Abin da ake so shi ne gefe ɗaya ya kasance digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salsiyos, ɗaya gefen 24 zuwa 27, ita ta zaɓi inda za ta kwanta. Tabarmar kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwati. A auna a ƙasa, daidai inda cikinta ke taɓawa. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, domin abin da hannunka zai ji da ɗumi sosai ya riga ya yi mata yawa. A Maris da Afrilu kuma a janye akwatin daga taga. Wanda ya koma Abuja da tasa a irin wannan lokaci, sau da yawa zafin ɗakin kaɗai ya haura abin da gefen sanyi ke bukata.

Sai bushewar iska, wadda ita ce ta fi yawa da hunturu. Mesar nan tana son danshi kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa kan faɗi ƙasa da kashi 30, kuma murfin raga yana sakin ɗan danshin da ke ciki. Rufe kashi uku cikin huɗu na ragar da faranti ko leda mai kauri, nesa da fitila. Zuba ɓawon kwakwa da aka daddatsa, kaurin santimita 5 zuwa 8, ka riƙa tsiyaya ruwa a kusurwoyi yadda ƙasa za ta jiƙe sama ya zauna a bushe. Garin katako na wurin masu yankan katako bai dace ba, tunda ba ka san itacen ba, ba ka san maganin gara da aka sa masa ba. Da damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, sai a buɗe ragar a rage ruwa, don kwanciya a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa na kawo ruɓewar fatar ciki.

Saɓa ma na sa ta jiƙa jiki, kuma wannan ba ciwo ba ne. Launinta zai dusashe, ido ya yi hazo mai shuɗi-shuɗi na 'yan kwanaki, ya washe, sannan ta zare fatar. Ƙanana na yi kusan duk mako 4 zuwa 6. A ɗaga danshi zuwa kashi 70 ko 80, a ƙyale ta. In fatar ta fita gutsi-gutsi, a sa ta a ruwa mai digiri 28 zuwa 30, wanda bai wuce rabin kaurin jikinta ba, na minti 15 zuwa 20, kana tsaye a kanta, sannan ta ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul. Duba ƙarshen wutsiya, don fatar da ta maƙale a nan kan ɗaure jini. Wadda ta rage a ido kuwa ba a ɓanɓare ta da farce.

Akwai wadda lafiyarta ƙalau, wurin ɓuya kawai ta rasa, sai ta matse a kwano don shi kaɗai ke taɓa jikinta ta ko'ina. Ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kife, aka fasa mata ƙofa aka goge bakin, ta wadatar. Biyu ake sawa, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, kuma matsattsu. Macen da ke ɗauke da ƙwai ita ma kan naɗe jikin kwano tana neman sanyi.

Kwanon ya zama mai nauyi da ba za ta kifar ba, a gefen sanyi, ana canza ruwan kullum, kuma nan take in ta yi kashi a ciki, abin da suke yawan yi. A wanke hannu da sabulu bayan haka saboda ƙwayar cutar salmonela, mai kama mutum. In jiƙon ya zo tare da numfashi mai ƙara, ko kumfa a baki, ko buɗe baki tana ɗaga kai, ko jajayen tabo da ƙuraje a ciki, wannan ya wuce gyaran akwati. A kai ta wurin likitan dabbobi cikin jakar yadi a ɗaure, tare da adadin zafi da danshin da ka auna a kowane gefe.