Yadda Ake Mayar da Waƙar "Goblin Market" Wasan Kwaikwayo na Rediyo

A watan Afrilu na 1859 Christina Rossetti, marubuciyar Ingila da aka haifa a Landan a 1830, ta kammala "Goblin Market", wato Kasuwar Dodanni, wata doguwar waƙa mai layi 567, wadda kamfanin Macmillan ya buga a 1862 tare da zane-zanen yayanta, Dante Gabriel Rossetti. Waƙar labari ce ta 'yan uwa mata biyu, Laura da Lizzie, da wasu ƙananan dodanni da ke tallar 'ya'yan itace a bakin rafi safe da yamma. Laura ta saya da tsinken gashin kanta, ta sha, daga nan ba ta sake jin kiran dodannin ba, kwaɗayi ya cinye ta har ta kusa mutuwa. Lizzie ta je don ta sayo mata, ta ƙi ci, ta sha duka, ta dawo fuskarta jage-jage da ruwan 'ya'yan itacen, kuma wannan ruwan ne ya warkar da 'yar uwarta. Marubuciyar ta rasu a 1894, saboda haka babu haƙƙin mallaka da zai hana kowa juya waƙar. A ganina rediyo ya fi dandamali da fim dacewa da ita, domin ginshiƙin labarin kira ne da ake ji, sannan a daina ji.

Mataki na farko shi ne karanta waƙar da babbar murya, daga farko har ƙarshe, kafin a rubuta ko kalma guda. Karatun yakan ɗauki kusan rabin awa. Kunne zai gano abin da ido ke tsallakewa: layukan ba su da tsawo ɗaya, suna gajarta su yi gudu idan dodanni na magana, su lafa idan an koma ɗakin 'yan matan. John Ruskin, babban mai sharhi na zamanin, ya ga waƙoƙin Rossetti kafin a buga su, ya kushe wannan rashin daidaiton kari, ya ce ta koma ta koyi bin ƙa'ida. Bai yi daidai ba, kuma mai juyawa zuwa Hausa zai maimaita kuskurensa idan ya tura waƙar cikin ƙwar biyu ko ƙwar biyar mai amsa-amo guda. Waƙar baka ta fi kusa da ita, musamman waƙar talla da ta dandali, inda jagora ke bayarwa 'yan amshi na karɓa.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne cin lokaci, shi ne tsayar da fahimtar da za a gina wasan a kanta. Ɗan uwan marubuciyar, William Michael Rossetti, ya ce ya sha jin ta tana cewa ba ta nufi wani abu mai zurfi da wannan tatsuniya ba, amma masu nazari ba su daina haƙa ba. Wasu sun karanta ta ta fuskar addini, domin Rossetti Kirista ce mai tsananin riƙo da cocin Angalika: 'ya'yan itacen da aka hana suna tuna da labarin Adamu da Hauwa'u, kuma kalaman Lizzie lokacin da ta dawo tana ce wa Laura ta ci ta, ta sha ta, suna ɗauke da amon Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da Kiristoci ke karɓa a coci a matsayin jiki da jinin Yesu. Wasu sun dubi aikin sa kai da Rossetti ta yi daga 1859 zuwa 1870 a gidan St Mary Magdalene da ke unguwar Highgate a Landan, inda ake karɓar matan da jama'a suka yi wa tambarin lalacewa, ana koya musu sana'a. Akwai kuma masu kallon kasuwar kanta, domin a wancan lokaci algus a abinci ya addabi Ingila. A 1858 alewar da aka gauraya da guba bisa kuskure a garin Bradford ta kwantar da mutum fiye da 200, ta kashe kimanin 20, kuma a 1860 majalisa ta yi doka kan gurɓata abinci. Na huɗu su ne masu ganin hoton wanda ƙwaya ta kama: ɗanɗano ɗaya, sai barci ya ƙaura, abinci ya fita daga rai, jiki ya zube.

Ba laifi ba ne a zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan ta zama ƙashin bayan wasa, amma kada a furta ta a bakin kowane ɗan wasa. Da zarar Lizzie ta buɗe baki ta ce wannan 'ya'yan itace zina ce, ko ƙwaya ce, wasan ya tashi daga tatsuniya ya koma sanarwa, mai sauraro kuma ya daina tsoro. Abu guda da ya wajaba kowace fahimta ta riƙe shi ne cewa Rossetti ba ta hukunta Laura ba. A cikin waƙar akwai wata yarinya, Jeanie, wadda ta sha 'ya'yan itacen tun kafin su, ta yi furfura, ta mutu da zubar ƙanƙarar farko, ko ciyawa ba ta tsiro a kabarinta. Wannan ita ce makomar da littattafan zamanin suka saba ba wa macen da ta zame. Laura kuwa ta warke, ta yi aure, ta haihu. Bambancin da ke tsakaninta da Jeanie shi ne ita tana da wadda ta tafi rafi dominta. Wanda ya sauya wannan ya rubuta wani labari ne dabam.

Mataki na uku shi ne yanke shawara kan wuri da mutane. Ana iya barin labarin a ƙauyen Ingila da sunayensa, ana kuma iya kawo shi bakin rafin wani ƙauyen Hausa, tunda ayyukan 'yan matan duk sanannu ne: tatsar shanu, kaɗa mai, ɗebo zuma, ba kaji tsaba, ɗinki, da zuwa ɗiban ruwa da tulu kafin almuru. Idan an kawo shi gida, tambaya za ta taso nan take, wato wace ce yaya, wace ce ƙanwa, domin waƙar ba ta faɗa ba, Hausa kuwa ba ta barin 'yan uwa su kira juna ba tare da an san wannan ba. Rossetti ta sadaukar da rubutun hannunta ga yayarta Maria, wanda hakan ke sa mutane da dama ɗaukar Lizzie a matsayin babba. Na fi son a mai da su tagwaye, Hassana da Usaina, saboda waƙar ta kwatanta su da furanni biyu a reshe ɗaya, kuma hakan zai hana gargaɗin Lizzie zama umarnin babba ga ƙarama. Kada a ƙara uba, ko saurayi, ko malamin da zai zo da rubutu. A waƙar babu iyaye, mazajen da suka aura daga baya ma ba su bayyana ba, kuma wannan kaɗaici ne ya sa nauyin ceto ya hau kan yarinya ɗaya.

Mataki na huɗu shi ne rubuta kiran talla, kuma a nan wasan zai tashi ko ya faɗi. Rossetti ta jero 'ya'yan itace kusan talatin, ta haɗa na jejin Ingila da na ƙasashe masu nisa kamar rumman, dabino, ɓaure da abarba, ta kuma sa dodannin su yi alfaharin cewa duk sun nuna lokaci guda. Wannan shi ne alamar farko ta cewa kayan ba na Allah da Annabi ba ne. A Hausa sai a bi hikimar, a haɗa abin da ba ya haɗuwa a faifai ɗaya: mangwaron bazara da ɗinyar kaka, kanya da magarya na hunturu, sannan inabi da tuffa da ba a saba ganinsu a ƙauye ba. Mai sauraron da ya taso a karkara zai ji tsikar jikinsa ta tashi tun kafin a yi masa bayani. Kiran ya zama mai daɗi na gaske, wanda yaro zai kwana yana rerawa. Idan aka sa dodannin suna gurnani tun daga farko, babu wanda zai yarda cewa yarinya mai hankali ta tsaya musu. Waƙar ta ce wani fuskar kyanwa gare shi, wani yana tafiyar ɓera, wani yana jan ciki kamar dodon koɗi, amma muryoyinsu masu taushi ne kamar kukan kurciya. Sai a nemi 'yan wasa biyar ko shida masu murya daban-daban, su riƙa karɓar layi daga bakin juna.

Mataki na biyar shi ne tsara shirun. Washegarin ranar da Laura ta sha, su biyu sun koma rafi; Lizzie tana jin kiran raɗau, Laura ba ta jin komai. A rediyo ana iya nuna wannan ba tare da mai ba da labari ba. A bar mai sauraro ya tsaya a kunnen Lizzie, kira na tashi, sai a yanke shi kwatsam a koma kunnen Laura, inda babu abin da ya rage sai ruwa da kwaɗi. A daure a bar shirun ya ɗan yi tsawo, ko da mai haɗa sauti zai so cike shi da kiɗa. Raguwar Laura daga nan ba ta buƙatar dogon lokaci. Fitowa biyu sun isa, ɗaya wadda take shayar da ƙwallon da ta ɓoye da hawayenta bai tsiro ba, ɗaya kuma wadda ta ƙi cin abinci.

Mataki na shida shi ne fitowar Lizzie a gaban dodanni, wadda ke buƙatar taka-tsantsan da gaskiya a lokaci guda. Ta je da kwabon azurfa, ta miƙa, ta ce a zuba mata a zani. Suka ce sai dai ta zauna ta ci tare da su. Da ta ƙi, ta ce a mayar mata da kuɗinta, sai fara'ar ta gushe: suka zage ta, suka yakushe ta, suka tsinke mata gashi, suka yaga mata riga, suka riƙe hannuwanta suna cusa mata 'ya'yan itace a baki. Cin zarafi ne, kuma bai kamata a tausasa shi ya koma wasan yara ba, haka kuma bai kamata a ja shi don burge kowa ba. Mafita tana cikin waƙar, domin Lizzie ba ta ce uffan ba, don kada wani abu ya shiga bakinta. Saboda haka muryoyin da suka yi kira mai daɗi su ne za su lalace a kunnen mai sauraro, ita kuwa numfashinta ta hanci kawai za a ji. Da suka gaji suka jefa mata kwabonta, kuma ƙararsa a jakarta tana gudu zuwa gida ita ce sautin da ya kamata ya rufe fitowar.

Dawowarta gida ana iya rubuta ta da kalmomi kaɗan. Laura ta rungume ta, ta tsotsi ruwan daga fuskarta, sai ga shi abin da ya yi mata zaƙi a da ya koma ɗaci kamar tazargade. Ta yi tsalle, ta faɗi sumammiya, Lizzie ta kwana a kanta tana duba bugun jininta, tana ɗiga mata ruwa, har gari ya waye ta farka da dariyarta ta da. 'Yan wasan su yi wannan da muryar jinya da firgici, domin abin da ke faruwa ke nan.

Mataki na ƙarshe ya shafi rufewa. Waƙar ta tsallaka shekaru, su biyu sun zama iyaye, Laura ce ke tara yara tana ba su labarin, tana haɗa hannuwansu tana gaya musu cewa babu aboki kamar 'yar uwa. Tunda ita ce mai ba da labarin a ƙarshe, ya dace a ba ta wannan aiki tun daga farkon wasan, ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa, ba tare da an bayyana ko wace ce ita ba sai a fitowar ƙarshe. Kafin a kai wasan gidan rediyo, a kunna shi ga mutane kaɗan da ba su san waƙar ba, manya da yara, a tambaye su me 'ya'yan itacen suke nufi. Idan kowa ya ba da amsa iri ɗaya, an yi bayani fiye da kima, sai a koma rubutun a nemo layin da ya tona asirin a cire shi.