Darasi na Bakwai: Ceton Wanda Sanyi Ya Sandarar

Jikin mai lafiya yana riƙe da zafin da ya kai kimanin digiri 37 a ma'aunin Salsiyos, ko ana bazara ko ana hunturu. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga haɗari, idan kuwa ya yi ƙasa da 28, to yana tsakanin rai da mutuwa. Mutane da dama suna zaton wannan matsalar ƙasashen ƙanƙara ce kaɗai, amma masuntan Yauri da na Argungu sun san ba haka ba ne, domin ruwa yana zuƙe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25. Masuncin da kwale-kwalensa ya kife da asuba a watan Janairu, ya daɗe cikin kogi, sa'an nan ya fito iskar hunturu ta buge shi da jiƙaƙƙiyar riga, yana iya faɗawa wannan hali. Haka nan tsohon da ya kwana ba bargo, da almajirin da ya kwana a waje, da jariri, musamman bakwaini, idan aka yi masa wanka da sassafe aka bar shi a buɗe.

Alamar farko ita ce rawar ɗari, wadda ke nuna jiki yana ƙoƙarin ɗumama kansa. Abin tsoro shi ne rawar ta tsaya alhali mutumin bai ji ɗumi ba. A lokacin harshensa yakan yi nauyi, ya riƙa tangaɗi, hankalinsa ya rikice, barci ya riƙa fizgarsa, wani ma har yakan tuɓe tufafinsa yana cewa zafi yake ji. Kada ku ɗauka sauƙi ne ya samu.

Ku kai shi inda iska ba ta bugawa, kuna ɗauke da shi a kwance, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, domin zuciyar da ta yi sanyi tana iya tsayawa idan aka jijjiga mai ita. Ku cire masa jiƙaƙƙun kaya, ku shimfiɗa tabarma da buhu ko katifa don kada ƙasa ta ci gaba da jan zafinsa, ku lulluɓe shi da bargo har kansa, ku bar fuska kaɗai. Ɗumi ya fara daga ƙirji da wuya da hammata. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe cikin zane ta wadatar. Jariri kuwa, uwa ta kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a rufe su tare.

A nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. Ba a murza masa hannuwa da ƙafafu, ba a kwara masa ruwan zafi, ba a kuma kusantar da shi ga wuta, saboda fatar da ta mutu da sanyi tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kisa. Kunu ko shayi mai sukari yana da amfani ga wanda yake farke yana iya haɗiya, amma ba a ɗura wa wanda ya suma komai.

Mun saba gaggauta jana'iza, kuma hakan daidai ne ga wanda mutuwarsa ta tabbata. Sai dai wanda sanyi ya sandarar yana iya yin kama da gawa alhali da sauran ransa, numfashinsa ya yi nisa, bugun zuciyarsa ya yi rauni ƙwarai. A shekarar 1999, wata likita 'yar ƙasar Suwidin mai suna Anna Bagenholm ta maƙale cikin ruwa ƙarƙashin ƙanƙara a ƙasar Norwe na tsawon minti 80. Zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, zuciyarta ta tsaya, amma likitoci suka ɗumama jininta da na'ura, ta farfaɗo har ta koma bakin aiki.

Saboda haka ku saurari numfashinsa na tsawon minti guda cur. In babu, wanda ya koyi danna ƙirji don farfaɗo da zuciya ya fara nan take, wani kuma ya nemo mota. Ku garzaya da shi asibiti mafi kusa a lulluɓe, ku gaya wa ma'aikatan lafiya tsawon lokacin da ya yi cikin ruwa ko cikin ɗari, ku bar wa likita hukuncin ko ya cika ko bai cika ba.