Sandar rawa a ɗaki: kurakuran da aka fi yi wajen kafa ta a silin mai kaushi

Macen da ke son motsa jiki a cikin ɗakinta ba tare da fita ba, idan ta sayi sandar ƙarfen nan da ake jujjuyawa a jikinta don ƙarfafa hannu da ciki da baya, tambayarta ta farko takan zama: "Silin ɗina mai kaushi ne, anya za ta kama?" Tambayar tana kan hanya, amma akwai wadda ta riga ta, kuma a gidajen Kaduna ita ce mai kai mutum asibitin ƙashi: me ke bayan silin ɗin?

Yawancin sandunan gida, irin na X-Pole da Lupit Pole, ba a kafa su da ƙusa. Faifai ne a sama mai zoben roba, wani faifan a ƙasa, sai wurin murɗawa da ke ƙara wa sandar tsawo har ta tokare silin da daɓe. Tokarewar nan kaɗai ce ke riƙe da ke lokacin da ƙafafunki suka bar ƙasa. Littafin da ke zuwa cikin kwalin kuwa an rubuta shi ne don gidajen Amurka da Ingila, inda allon silin yake manne da manyan katakai masu tazarar santimita 40 ko 60, don haka yake cewa a nemo katakon a saita faifan a ƙarƙashinsa. Namu ginin daban ne. POP ɗin da ke falo a Barnawa ko Millennium City rataye yake da zaruruwa a jikin siraran katakai, tubaitu, kuma tsakaninsa da abin da ke sama akwai fili. Silin PVC ya fi shi rauni. Duka biyun an yi su ne su ɗauki nauyin kansu da na ƙwan lantarki. Kina murɗa sandar, silin yana ɗagawa sama a hankali, ke kuma kina jin ta yi tauri kina zaton ta kama. Ranar da kika yi lilo da dukkan nauyinki, faifan ya ɓurma ciki ko sandar ta zame.

Kafin a sayi komai, a ɗauki sandar mofa a ƙwanƙwasa silin. Dekin siminti amonsa a toshe yake, POP da PVC kuwa suna amsawa kamar ganga. Kada zama a ƙasan bene ya ruɗe ki, domin sau da yawa ana rataya POP a ƙarƙashin dekin don a ɓoye wayoyi. A kashe wuta daga babban makunni, a zare ɗaya daga ƙwayayen da aka binne a silin, a haska tocila a leƙa. Abin da ido ya gani shi zai faɗi aikin da za a yi.

Idan POP ne a ƙarƙashin dekin, sai a yanka shi daidai wurin, a ɗaure farantin ƙarfe a jikin simintin da notunan da ke buɗewa a cikin rami, sandar ta wuce ta cikin yankan ta kama farantin, sannan mai POP ya gyara bakin. Wajen hudawa a nisanci layin da ke tsakanin fanka da ƙwai da makunnin bango, nan ne bututun waya ya fi bi. Idan gidan ba bene ba ne, kwano ne a sama, dole kafinta ya shiga cikin silin ya gitta katako mai kauri, tubaisis ko fiye, ya ɗaure shi da noti a jikin manyan katakan rufi aƙalla biyu. A nan ake samun saɓani da kafintoci, don sun saba da fanka, ita kuwa fanka ƙasa take ja. Ki yi masa bayani ƙarara: "Malam, wannan abin sama yake turawa, kuma yana girgiza gefe da gefe." Ƙusa biyu da ya saba bugawa daga sama za su zare da turi ɗaya. Ya kuma duba ko gara ta riga mu cin katakan.

Sai a zo kan kaushin kansa. Wannan ya shafi mai dekin da aka yi wa fentin Texcote ko irinsa, ko filastar da aka watsa aka bar ta da gudaji. Robar faifai tana son fili sumul ta manne. A kan kaushi, kawunan gudajin kaɗai take taɓawa, su kuma ba su da ƙarfi. Suna murƙushewa su zama gari, garin ya shiga tsakanin roba da silin ya sa santsi, kuma ɗan kaurin da ya zube ya rage tokarewar. Shi ya sa sandar da ta yi ƙam ranar Asabar za ki tarar tana motsi ranar Talata. Farin gari a kan tayil a gindin sanda alama ce, ba ƙurar hunturu ba ce.

Abin da mutane suka fi yi idan sun ga haka shi ne su ƙara murɗawa. Gudajin ya ƙara murƙushewa, filastar ta tsage, wani lokaci zaren murɗin ya lalace. Wasu kuma su cusa tawul ko soson katifa ko kwali tsakanin faifai da silin wai don kada fenti ya ɓaci. Wannan ya fi na farko muni, domin an raba roba da abin da za ta kama, an ba ta abin da ke lotsewa yana zamewa.

Gyaran ba shi da wuya. A ɗora faifan a zana da'irar da ta ɗan fi shi faɗi, a jiƙa wurin, a kankare gudajin har a kai ga filasta mai ƙarfi, a shafe da abin sikiridin, a goge da samfefa. A bar shi ya bushe sosai, da damina kuwa kwana biyu ba sa isa. Kada a shafa fentin mai, mai sheƙi, yana da santsi. Wanda ba ya son kankara zai iya sa katakon filawud mai kaurin milimita 18, wanda ya fi faifan faɗi, amma a ɗaure shi da sukuru huɗu a jikin dekin. Katakon da aka aza kawai aka tokare, matsalar ce aka ɗaga ta sama kaurin yatsa ɗaya kawai. Idan gidan haya ne a nemi izinin mai gida tukuna. In ya ƙi, akwai sanda mai dandamali da ke tsayuwa da kanta ba ta taɓa silin, sai dai tana da tsada da nauyi, tana cin fili, kuma tana son ɗaki mai tsayi.

Tsofaffin gidaje, irin kwatas ɗin ma'aikata da gidajen da aka gina tun shekarun 1970 da 1980, da yawa silin ɗinsu allon asbestos ne. Ba ya ɗaukar sanda ko kaɗan, yana fashewa. Abin da ya fi wannan, ƙurarsa idan aka kankare ko aka huda tana maƙalewa a huhu, tana jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. In kina zargin shi ne, kada samfefa ta taɓa shi, a canza ɗaki.

Tsayi ma yana kayar da mutane. Sandar da ke cikin kwali takan tsaya wajen mita 2.7, ɗakunanmu kuwa da yawa sun kai mita 3. Sai a zare murɗin har ƙarshensa, ko a jera bulo da katako a ƙasa don a cike gibi. Duka biyun haɗari ne. A auna tsayin daidai wurin da sandar za ta tsaya, ba a jikin bango ba, a yi odar ƙarin guntun tare da ita tun farko. Masu cewa mai walda ya haɗa musu da bututun ruwa don sauƙi su sani cewa bututun yana da layin ɗinki da kaushin da ke yanka fata, fentinsa kuma yana ɓarewa a hannu. Masu aikin ƙarfe na Panteka gwanaye ne, kuma wurinsu za a je a yanko farantin da za a ɗaure a dekin. Ita sandar a sayi ta asali, kaurin milimita 45 shi aka fi amfani da shi.

Ƙasa kuma: tayil ɗin da ke ƙara idan an ƙwanƙwasa shi ba siminti a ƙarƙashinsa, zai fashe. Kafet mai kauri yana lotsewa, leda tana zamewa, a naɗe su. A bar filin da ya kai mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, a lissafa har da fukafukan fanka, don ƙafa sama take zuwa. Miƙewar sandar ba a auna ta da ido. A aro ma'aunin birkila mai ɗigon ruwa, a gwada ta gaba, a gwada ta gefe, kafin a kulle notunan.

Bayan an gama, kada a fara da hawa. A riƙe ta da hannu biyu a jijjiga da ƙarfi ana kallon faifan sama, sannan a rataya ƙafa na ƙasa, sannan a ɗaga ƙafa kaɗan. A zana alama da fensir a gefen faifan, duk ranar da za a yi amfani a duba ko ya gusa daga alamar, domin katakon rufi yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, tokarewar tana canzawa tare da shi. Basilin da man kaɗanyar da ake shafawa saboda sanyi suna mai da ƙarfen sulɓi, don haka a wanke hannu, a goge sandar da sifirit da ƙyalle mai tsabta. In akwai yara a gidan a riƙa kulle ɗakin, don uku za su ɗare ta lokaci guda.