Kurakuran da samarinmu masu son mota suka fi yi a Jidda da Makka

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaituwa a tsakanin yaranmu. Yaro zai tara riyal da guminsa, ya sayi Camry ko tsohuwar Lexus ko Crown Victoria, kafin wata biyu ya canza mata ƙafafu, ya sa salansa mai ruri, ya baƙanta gilasai, ya cika but da sifiku. Ka tambaye shi yaushe rabon da a canza ruwan lagireto, sai ya tsaya yana kallonka. Da Yuni ya kama, zafi ya sauko, sai ka hango motar a bayan babbar mota an nufi sana'iyya, wato unguwar garejoji, da ita. A ƙasar nan ta Saudiyya zafi ne ke kashe mota, kuma duk kuɗin da za ka kashe mata ya kamata ya fara daga abin da ke sanyaya ta da abin da ke tsayar da ita.

Bari in fara da wanda ya fi ci mini rai: zuba ruwan famfo a lagireto da cire tamostat. Tare suke tafiya, domin bakin da ya ba ka shawarar ɗaya shi ne zai ba ka ɗayar. Ruwan famfo da na tanka suna ɗauke da gishiri da sauran ma'adinai. Idan suka yi ta tafasa a cikin inji, sai su bar farin dafi a siraran hanyoyin lagireto har su toshe, su kuma ci fukafukan famfon ruwa da tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Ruwan lagireto na gaskiya, wanda aka haɗa rabi da rabi, idan murfin lagireton yana riƙe iska yadda ya kamata, yana wuce digiri 120 bai tafasa ba, ga shi da maganin tsatsa a ciki. A garin da aka auna digiri 51.8 a Harami lokacin aikin Hajjin 2024, wannan tazarar ita ce tsakanin ka isa gida da ka kwana a bakin titi. Masu tara ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki suna cewa ai ba shi da gishiri. Gaskiya ne, kuma ya fi na famfo idan an shiga matsi a hanya, amma ba ya hana tsatsa, ba ya kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Akwai kuma jarkoki masu araha da ake jerawa a shaguna, ruwa ne kawai aka rina kore ko ja. Karanta jikin jarkar ka ga kason sinadarin da ke ciki kafin ka biya.

Maganar tamostat kuwa, a jikina na ji ta. Ina da wata Camry da nake ji da ita. Na kai ta wani gareji don a duba fanka, na tafi wurin aiki. Mai garejin, ba tare da ya tambaye ni ba, ya zare tamostat ya jefar, ya zubar da ruwan da ke ciki ya cika da na famfo. Da na zo ɗauka bai ce mini uffan ba. Bayan wasu watanni ina hawan Hada, hanyar dutsen nan mai kwanoni, da iyali za mu Ɗa'if, allurar zafin inji ta tashi tsaye, kafin in sami inda zan raɓe a waɗannan kwanoni tururi ya turnuƙe bonet. Gasket ta ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Kuɗin da na ajiye don zuwa Kano ganin mahaifiyata a babbar sallar shekarar, su ne suka tafi a gyara. Da na koma na same shi, amsar da ya ba ni ita ce wai tamostat don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, a nan ba a bukatarsa. Wallahi har yau idan na ji wani ya faɗi wannan magana raina ɓaci yake.

Ga yadda abin yake. Tamostat ƙofa ce da ke rufe ruwa a cikin inji har ya yi ɗumin da ya dace, a yawancin motocin Toyota wajen digiri 82, sannan ya buɗe. A injuna da yawa, lokacin da ya buɗe hanyar lagireto yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji kai tsaye. Idan ka cire shi, wannan gajeriyar hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya yi ta kewaya inji bai taɓa shiga lagireto ya huce ba. A cikin gari ba za ka lura ba. Ranar da ka ɗora mata kaya ka kama hawan dutse da na'urar sanyi a kunne, ranar za ka sani. Da sanyin safiya kuma injin ba ya saurin ɗumi, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, ka yi ta mamakin shan mai. Idan motarka tana zafi, akwai dalili: ƙura ta cushe fuskar lagireto, ko murfi ya saki, ko fanka ta yi rauni, ko famfon ruwa ya cinye. A nemo dalilin. Idan tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo, kuɗinsa bai kai na tayar da kuka saya don ado ba. Ni dai al'adata, duk shekara kafin zafi ya shigo nakan sa a wanke fuskar lagireto daga baya da ruwa marar ƙarfi, in canza murfi ko da bai nuna alamar komai ba, kuma ba na barin gareji sai an nuna mini duk abin da aka cire daga motata. Idan allura ta tashi kana tafiya, kashe na'urar sanyi, ka raɓe, ka bar ta ta huce. Kada ka taɓa murfin nan da zafinsa, ya sha saɓule wa mutane fatar hannu da fuska.

Na biyu shi ne taya, kuma a nan ma wata gurguwar shawara ce ke yawo: wai a rage iska lokacin zafi don kada taya ta fashe. Ƙannena, akasin haka ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsin ne ke haifar da zafi a cikinta har zarurrukan su rabu da roba. Ƙanin mai ɗakina ya taɓa arar motata zai kai baƙi ziyara Madina. A wurin masu faci aka ce masa ya rage iska, ya rage. Hanyar Hijira, wadda ake bi zuwa Madina, ta fi kilomita 400, tun 2018 kuma an yarda ƙananan motoci su kai gudun kilomita 140 a awa a wasu sassanta. Da tsakar rana tayar baya ta tarwatse, motar ta goge shingen ƙarfe tun daga ƙofar gaba har bamba. Allah ya tsare rayuka, da dattijuwa a ciki, amma gefen motar nan gaba ɗaya sai da na nemo shi a tashlih, inda ake sayar da sassan matattun motoci. Yawan iskar da motarka ke so yana rubuce a wata 'yar takarda jikin ginshiƙin ƙofar direba. Shi za ka bi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Idan ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ya haura, haka ya kamata ya yi, kada ka sace ko kaɗan.

Sannan ku daina duba zanen taya kaɗai. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. Akwai kuma harafin jure zafi, A ko B ko C, kuma ni ba na sayen wadda ba A ba. Roba tana bushewa a ranar ƙasar nan ko motar tana ajiye ba a hawa. Wasu za su ce maka shekara biyar ko shida, ni da ta cika huɗu nake sauke ta, ko zanenta na nan kamar jiya aka saya. Tayar hannu kuwa, wadda ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba na sa ta ko kyauta aka ba ni.

Tunda na ambaci Hada, sai in yi maganar saukowa. Daga can sama, kusan mita 2,000, za ka gangaro zuwa Makka da ba ta fi 'yan ɗaruruwan mita ba. Yaro ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, wani ma ya sa giya a furi wai yana tattalin fetur. Man birki yana tsotsar laima daga iska, ga shi Jidda laima ba ta ƙarewa. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha laima kuwa yana iya tafasa tun a 155. Da ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Ka sa giya ta biyu ko L, inji ya riƙe motar, ka riƙa taka birki kana saki. Man birki kuma a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Kuma don Allah ku daina tsayawa a kan kwana kuna jefa wa biran nan abinci, na bayanku ba ya hango ku.

Sauran ƙanana ne, zan bi su da sauri. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 ba gata ba ne ga sabon injin da aka rubuta masa 5W-30 ko 0W-20, hanyoyin mansa sirara ne. Ni nakan yi juye a kilomita 5,000 ko da galan ya yi alkawarin 10,000, saboda ƙura da kuma awannin da muke barin mota a kunne muna shan sanyi a ƙofar masallaci ko kasuwa, waɗanda mita ba ta ƙirgawa. Zuba jan fetur 95 a motar da aka yi don koren 91 ba ya ƙara mata gudu, asarar kuɗi ce kawai, amma mai turbo da aka ce 95 kada ka yi mata rowa. Matatar iska ba a busa ta da iska mai ƙarfi a mayar, takardar tana yagewa ƙura ta wuce, a sa sabuwa. Kada a feshe inji da ruwa mai ƙarfi a wurin wanki. Mazauna kusa da teku su riƙa sa a wanke ƙarƙashin mota saboda gishiri. Idan mota ta mutu a cikin ruwan sama, kada ka sake tayar da ita, ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 da ta Nuwamban 2022 ya san yawan injunan da suka tafi ta haka. Saboda haka ma idan za ka sayi ta hannu, ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa, ka ciro rahoton Mojaz mai nuna tarihin motar. Kuma kada ka miƙa makulli ko ka karɓa sai an mayar da sunan mai mota a istimara, wato takardar rajistar mota, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, domin tarar kyamarorin titi na Sahir sunan da ke takarda take bi.

Yanzu sai haɗuwar daren Alhamis, kuma a nan zan yi faɗa. Ina son wannan haɗuwa. A jera motoci a wajen Abhur ko a filin wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a buɗe bonet, a sha shayi, mai tsohuwar Cressida ya ba da labarin yadda ya samo fitilarta, yaro ya koyi abin da ba zai koya a waya ba. Amma wasunku kun mayar da ita wurin tayar da hankalin unguwa. Mutum ya zo ƙarfe ɗayan dare ya yi ta taka totur a tsaye salansa tana harbi, alhali a gidajen da ke kewaye akwai jarirai da marasa lafiya da masu tashi sallar asuba su wuce aiki. Wannan ba tarbiyyar gidajenmu ba ce. Injin ma cutarsa kake yi, domin a tsaye babu iskar da ke ratsa lagireto sai ta fanka. Kuma idan maƙwabta suka kira 'yan sanda, ba sunanka za a faɗa ba, cewa za a yi yaran Hausawa ne, a kore mu gaba ɗaya daga wurin da muka daɗe muna zama lafiya.

Mafi muni shi ne wanda zai bari a zuga shi ya fita titi yana wulwula mota, abin da ake kira tafhiɗ. Tun gyaran dokar 2016, kamun farko tarar riyal 20,000 ne, a tsare motar kwana 15, a kuma tura ka kotu. Na biyu 40,000 da tsare mota wata guda. Na uku 60,000, kotu kuma ta duba yiwuwar ƙwace motar. Taruwa kallo ma laifi ne mai tara, haka rufe lambar mota don kada kyamara ta gani. Ka tuna yawancinmu da iƙama, wato takardar izinin zama, muke zaune, tarar da ba a biya ba tana nan a manhajar gwamnati ta Absher tana jiranka ranar da za ka nemi bizar fita. Kafin ka canza launin mota ko ka taɓa ƙirarta, ka je Murur, ofishin 'yan sandan hanya, ka nemi izini, in ba haka ba ranar fahas, wato binciken lafiyar mota, za ka kwance duk abin da ka ɗaura da kuɗinka.

Mai son gudu da gaske, ƙasar nan ta buɗe masa ƙofa. Ana tseren Dakar a nan tun 2020, Jidda ta karɓi Formula 1 a 2021, akwai filin tsere a Dirab kusa da Riyad, akwai kuma hukumar wasannin mota da babur ta ƙasa mai ba da lasisin shiga gasa. Masu fita rairayi da Land Cruiser da Patrol kuma, ku sauke iskar taya zuwa wajen PSI 15 idan kun shiga yashi, kada mota ɗaya ta tafi ita kaɗai, ku riƙe igiyar ja da ruwan sha mai yawa da famfon iska. Da kun fito, ku mayar da iskar nan cikakkiya tun a bakin kwalta kafin ku kama hanyar gida.