Kurakuran da Matafiya Suka Fi Yi da Tikitin Jirgin Ƙasa na Yini Guda a Jamus

Yawancin mutanen Kano da ke zuwa Jamus wani uzuri ne yake kai su, ko baje koli, ko sayo injina da motoci, ko karatu, ko jinyar ɗan'uwa, kuma sau da yawa akan samu rana ɗaya ko biyu da babu aiki, wadda mutum zai so ya fita ya ba idonsa abinci kafin ya dawo gida. Hanya mafi sauƙin kuɗi ta yin hakan ita ce tikitin jiha na yini guda, wanda kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, yake sayarwa, ya ba mutum damar hawa da sauka iya son ransa a cikin jiha guda. Wanda aka fi sani shi ne Bayern-Ticket na jihar Bavariya, inda birnin Munich yake, kuma da shi zan riƙa ba da misali. Arahar tikitin nan tana tafe da sharuɗɗa, kuma kusan duk wahalar da mutanenmu ke sha da shi daga rashin sanin sharuɗɗan take fitowa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne shiga jirgin da tikitin bai shafa ba. Tikitin jiha yana aiki ne a kan jiragen yanki, waɗanda ake rubuta musu RE ko RB, da jiragen cikin gari da kewaye masu alamar S. Ba ya aiki a kan jiragen dogon zango masu gudu, wato ICE da IC da EC, haka nan Railjet na ƙasar Ostiriya da FlixTrain. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne dukansu a tasha ɗaya suke tsayawa, wani lokaci ma a dandali ɗaya, kuma gari ɗaya suka nufa. Mutum yana tsaye a babbar tashar Munich da niyyar zuwa Nuremberg, sai ga farin jirgi mai jan layi a jikinsa ya buɗe ƙofa, allo kuma yana nuna sunan garin da yake nema, ga shi babu shinge, babu mai tambayar tikiti a bakin ƙofa, sai ya shige da iyalinsa. Sai jirgi ya yi nisa mai duba tikiti zai iso kansa, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe, domin a dokarsu tikitin da bai dace da jirgi ba daidai yake da rashin tikiti, kuma tarar tana farawa daga yuro 60 a kan kowane mutum. A tashar Unguwa Uku ana iya cewa kwandasta, "Malam, a yi haƙuri, baƙi ne," a sasanta. A can takarda za a rubuta, a karɓi fasfo a kwafi suna.

Maganin wannan shi ne a daina duba launin jirgi, a riƙa duba haruffan da ke gaban lambarsa a kan allo, domin wasu jiragen yankin na wasu kamfanoni ne, launinsu daban, kuma tikitin yana aiki a kansu. Wanda ke amfani da manhajar DB Navigator a wayarsa ya zaɓi a nuna masa jiragen yanki zalla kafin ya fara neman hanya, ta yadda masu gudun ba za su ma bayyana ba. Ya kuma sani cewa ko jirginsa ya yi latti, wannan tikitin ba ya ba shi izinin tsallakawa cikin ICE don ya rama lokaci.

Sai batun ƙarfe tara. Daga Litinin zuwa Juma'a tikitin ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, ya ƙare ƙarfe 3 na daren da ya biyo baya, amma ranar Asabar da Lahadi da ranakun hutun jihar yana aiki tun daga 12 na dare. Mu da muka saba sammako bayan sallar asuba, a nan ake kama mu. Jirgin da ya tashi tara saura minti biyar bai shiga ba, ko da kuwa mafi yawan tafiyar bayan tara za a yi ta. Idan dole ne a bi shi, sai a sayi ƙaramin tikiti na daban har zuwa tashar farko da jirgin zai isa bayan tara, daga nan na yinin ya ɗauka. A ganina, duk wanda ke da zaɓi ya ajiye doguwar fita zuwa Asabar, ya bar gari da sassafe kafin jirage su cika.

Tikitin yana ɗaukar har mutum biyar, kuma kuɗin kowane ƙarin mutum bai kai na mutum na farko ba, shi ya sa yake da daɗi ga iyali ko abokan tafiya. Amma ana ƙayyade adadin mutanen tun wurin saye, kuma wajibi ne a rubuta sunan kowa a jikin tikitin kafin a fara tafiya, da biro, yadda yake a fasfo. Mutane da yawa suna barin gurbin a buɗe, wasu kuma suna rubuta "Alhaji" ko laƙabin da aka san mutum da shi a kasuwa, alhali mai duba tikiti yana da ikon ya nemi shaida ya gwada. Ba a goge sunan wani a sa na wani a tsakiyar hanya, kuma tunda takarda ɗaya ce, tilas a kasance cikin jirgi ɗaya; idan uwargida da yara suka gaji suna son komawa masauki da wuri, wanda ba ya riƙe da tikitin sai ya sayi nasa. Yaran da ba su kai shekara 6 ba kyauta suke hawa. Saye a na'ura ko a waya ya fi araha da yuro 2 a kan saye a hannun ma'aikaci, sai dai mutum ya tabbatar tun yana Kano cewa katin bankinsa zai yi aiki a waje, ko ya riƙe tsabar yuro.

Iyakar tikitin ma tana bukatar lura. Bayern-Ticket yana kai mutum har babbar tashar Salzburg, wadda ke cikin Ostiriya, tafiyar kusan awa biyu daga Munich, amma a nan ƙarfinsa ya tsaya: motocin bas na cikin Salzburg sai an sayi tikitinsu. Kuma tunda ƙasa aka tsallaka, barin fasfo a otal ganganci ne, domin 'yan sandan Jamus suna yawan duba takardu a wannan iyaka lokacin dawowa. Haka mai son hawa dutsen Zugspitze, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Jamus da mita 2,962, tikitin zai kai shi Garmisch-Partenkirchen, amma jirgin da ke hawa ƙolin dutsen kuɗinsa daban ne, kuma ba kaɗan ba. Akwai wani tikitin yini mai suna Quer-durchs-Land da ya game Jamus duka, wanda mutane ke ɗauka ya fi na jiha ta kowace fuska, alhali shi ba ya aiki a bas ko jirgin da ke bin titin cikin gari ko jirgin ƙarƙashin ƙasa, na Bavariya kuwa yana aiki a kansu a Munich da Nuremberg.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa baƙo, wato jirgin da ke rabuwa a hanya. Jirgin da ke tashi daga Munich zuwa tafkin Tegernsee a haɗe yake fita da na Bayrischzell da na Lenggries, sai a tashoshin Holzkirchen da Schaftlach a kwance su, kowane ɓangare ya kama gabansa. Wanda ya zauna a ɓangaren da ba nasa ba zai tsinci kansa a wani gari. Sunan inda kowane ɓangare ya nufa yana rubuce a gefensa da kuma allon ciki, don haka a karanta kafin a zauna. A kuma kauce wa ɓangaren da aka rubuta wa lamba 1, domin na masu tikitin aji na farko ne.

Kwaɗayin ganin gari huɗu a yini ɗaya saboda "an riga an biya" yakan mayar da yawon buɗe ido zaman jirgi. Jiragen yanki suna tsayawa a ƙananan tashoshi, kuma a wasu layukan awa-awa suke zuwa, don haka wanda ya rasa ɗaya ya rasa awa guda. Zuwa fadar Neuschwanstein kaɗai yana cin kusan awa biyu a jirgi har Füssen, sannan bas, sannan hawan tudu da ƙafa, kuma shiga fadar da tikiti ne na daban mai ɗauke da takamaiman lokaci, wanda kan ƙare tun kwanaki kafin ranar a lokacin bazara. Wuri ɗaya, ko biyu da ke kan layi guda, ya ishi yini. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Munich kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, saboda haka mai tafiya a lokacin sanyi ya tsara ganin gari da sallolinsa tun da safe, ya riƙe guzuri idan Lahadi ce domin kantuna a rufe suke in ban da na manyan tashoshi, ya kuma rubuta lokacin jirgin dawowa na ƙarshe da wanda ke gabansa kafin ya bar tasha.

Daga ƙarshe, ɗalibai kan ba baƙi shawarar Deutschlandticket, wanda aka fara a watan Mayun 2023, yana aiki a jiragen yanki da bas na ƙasar baki ɗaya tsawon wata. Yana da amfani ga mai zaman makonni, amma rajista ce da ke sabunta kanta duk wata, kuma a ƙa'ida sai an soke ta zuwa ranar 10 ga wata, in ba haka ba za a cire kuɗin wata na gaba ko da mutum ya riga ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Mai kwana uku ko huɗu ya lissafa ranakun da zai fita da yawan mutanen da ke tare da shi, ya kwatanta da farashin da ke shafin kamfanin a makon tafiyarsa, domin ana yawan sauya farashi da jadawali a tsakiyar Disamba.