Yadda Za Ki Shirya Zaman Saƙa A Ɗan Shagonki

Mai ƙaramin shagon kayan hannu, irin su hular jarirai, safa, shawul da jakunkuna, za ta iya ware rana ɗaya a mako mata su taru su yi saƙa tare. Ciniki yana ƙaruwa, domin wadda ta zauna awa biyu a gaban kantar kaya da wuya ta tashi ba ta sayi ulu ba. Amma zaman ba ya ɗorewa sai da tsari, kuma babban tsarin shi ne kada mutum ɗaya ta haɗa koyarwa da sallamar masu saye. Idan ke ce malama, samo ƙanwa ko 'yar aiki ta riƙe kantar shago. Idan ke ce a kanta, samo gwana ki biya ta.

Fara da mutum shida, kada su wuce takwas. Sabuwar koyo tana bukatar a riƙe mata hannu, kuma malama ɗaya ba ta iya zagaya goma kafin ta farko ta rikice. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, an gama kai yara makaranta, ba a kai ga ɗora sanwar rana ba. Bayan la'asar ma yana yi, sai dai haske na gudu da wuri. A tsayar da ranar da lokacin tashi kada su riƙa canzawa, domin yawancin matan aure da izini suke fitowa.

Shimfiɗa tabarma ko dadduma kusa da taga, nesa da bakin ƙofa, don kada mai shigowa sayayya ta ji kunyar tsallake mutane ta koma. Kada ki dogara da wutar NEPA.

Kowace mace ta samu kwarashi mai lamba 4 da dunƙulen ulu ɗaya mai matsakaicin kauri, launi mai haske kamar ruwan ƙwai ko ruwan hoda. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idon saƙa, mai koyo ba ta ganin inda za ta soka. Almakashi biyu, allurar ulu mai faɗin kafa uku da tef na awo ɗaya sun isa kowa. Idan za ki saro ulu da yawa, a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ko wadda ke kusa da ke, ɗauki launi ɗaya daga ƙunshi ɗaya. Rini yakan bambanta tsakanin ƙunshi da ƙunshi, ba a gane shi sai an haɗa a jikin shawul ya fito kala biyu.

Zaman farko a yi abin da za a ga ƙarshensa. Jakar waya ta fi: a ja sarƙa (madaukan farko da ake ɗora saƙa a kansu) goma sha biyar, a yi ta saƙa layi-layi har tsawon ya kai taƙi biyu, a ninke, a ɗinke gefuna da allura. Kada a fara da abin sauke tukunya, ulun da ke kasuwa yawanci na roba ne, zafi yana narkar da shi.

A nan ake samun yawan matsala. Saƙa ta riƙa tsukewa tana zama kamar alwatika: ana tsallake ido na ƙarshe ne, ko an manta sarƙar juyawa a farkon layi. Maganinta ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi, da ɗaura ɗan zare mai wani launi a ido na farko. Ƙasan saƙa ya lanƙwashe: an matse sarƙar farko, sai a warware a sake ta da kwarashi mafi girma kaɗan. Hannu ya ƙage: ana damƙe kwarashin ne da ƙarfi. Bahaguwa kuwa kada ta zauna gefen malama, ta zauna gabanta suna fuskantar juna, ta kwaikwayi hannun yadda take ganinsa. Da hunturu kaushin yatsa yana kama zare, a shafa man kaɗanya tun a gida, ba a wurin zama ba, don maiƙo yana ɓata ulu.

Saboda wannan maiƙon ne ba a kawo ƙosai ko awara. Zoɓo ma a bar shi, ɗigo ɗaya a farin shawul ya gama da shi. Ruwa da dabino sun wadatar.

Maganar kuɗi a yi ta tun ranar farko. Lissafa kuɗin ulu, kwarashi da ladan malama, ki raba bisa yawan mutane, a biya na wata gaba ɗaya kafin a fara. Wadda ta biya ba ta fashi, kuma bashi shi ne abin da ya fi watsa irin wannan zama. Idan hannun wata ya faɗa har tana son ki sayar mata da kayanta, ku yanke kason shago, misali ɗaya bisa biyar, a rubuta a littafi da sunan kaya da farashi.

Hira dole ce, don ita ma ake zuwa. Sai dai idan ta karkata zuwa gidan wadda ba ta nan, malama ta ce, “Hajiya, mu ga layinki, ido nawa kika samu?” Masu goyo su zo da jariransu, amma yaro mai rarrafe ko tafiya a bar shi gida saboda allura da almakashi. Minti goma kafin tashi kowa ta cire kwarashi, ta ja madaukin ƙarshe ya yi tsawo don kada saƙar ta warware a jaka, a ƙirga kayan aro a mayar da su gwangwani.